A Soke Kuɗin Aji? To Wa Zai Gina Ajin?

Ranar da aka koma makaranta a watan Agusta, na raka 'yata ina tsammanin babban ginin nan mai jan bulo da ake hangowa daga bakin titi za mu shiga. Malamar da ke tsaye a ƙofa ta duba takardarmu, ta yi murmushi, ta nuna mana baya. Muka zagaya, muka wuce filin wasa, sai ga wasu dogayen akwatuna a jere kan ciyawa, kowanne da matakalar ƙarfe da na'urar sanyaya ɗaki manne a gefensa tana gurnani. Ashe su ne ajujuwan. Babbar mota ce take kawo su ta sauke, ranar da aka gama da su ta dawo ta ɗauke. Da a gida ne kwantena za mu ce, sai dai wannan an sa mata tagogi da allo da darduma. Yarinyar ta taka ƙasan ajin ta ji yana amsawa kamar ganga, ta dube ni ta ce, "Baba, ajinmu yana da taya?"

Wanda ya san jihar Fulorida ta Amurka, inda muke zaune, ya san da damina kusan kullum da la'asar sai hadari ya haɗu. Daga akwatin zuwa ɗakin cin abinci tafiya ce a fili, don haka sau da dama takan dawo da safa a jiƙe. In kuwa aka yi gargaɗin guguwa, kwashe yaran ake yi a jere a kai su babban gini, domin babu mai yarda ya bar ɗansa a cikin akwati iska na kaɗawa.

Ba sai na tambayi kowa dalili ba. Tsallaken titi, inda aka ce da gonar lemo ce da makiyayar shanu, yanzu rufin gidaje ne iya ganinka, kuma har yau ana kafa sababbi. Gida ana gama shi cikin 'yan watanni. Makaranta kuwa, daga neman fili zuwa buɗe ƙofa, sai an ci shekaru.

A kan wannan tazara ce ake rigimar da nake son in tofa albarkacin bakina a kai. A wasu jihohin Amurka, duk wanda zai gina sabon gida sai ya biya hukuma wani kuɗi na musamman, sau ɗaya, domin a ƙara ajujuwa saboda yaran da gidan zai kawo. Don sauƙin magana zan kira shi kuɗin aji. Ba kuɗin makaranta ba ne irin wanda muka sani, karatun gwamnati a nan kyauta ne. Kuma doka ta hana a biya albashin malami da shi. Sayen fili da gina aji da makamantansu kawai. Kamfanonin gina rukunin gidaje da ƙungiyoyinsu sun daɗe suna neman a soke shi, kuma tun da tsadar gida ta kai talaka bango, sun samu masu saurare. Hujjarsu a taƙaice: kuna kukan gida ya yi tsada, ga ku kuna ɗora wa kowane sabon gida dubban daloli tun kafin a kafa tubali.

Ni ɗan haya ne mai neman sayen gida. Wato da sunana ake wannan yaƙin. Duk da haka ban yarda a soke ba, in dai sokewar nan ce ta a share layi a doka a watse.

Kuɗin ajin ba daga sama ya faɗo ba. A 1978 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da wani gyaran tsarin mulki mai lamba 13, wanda ya ƙayyade harajin gidaje da filaye a kashi 1 cikin 100 na ƙimar gida, ya kuma hana a ɗaga ƙimar fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara muddin gidan bai sauya hannu ba. Harajin gidaje kuwa shi ne jijiyar makarantun Amurka. Aka datse jijiya, yara kuma ba su daina zuwa ba. A 1986 jihar ta ba hukumomin makarantu izinin karɓar dala 1.50 a kan kowane murabba'in ƙafa na sabon gida. Ana sabunta adadin duk shekara biyu, a 2024 matakin farko ya kai dala 5.17. Gida mai murabba'in ƙafa 2,000 ke nan zai biya dala 10,340, kuma dokar 1998 ta buɗe ƙofar karɓar fiye da haka ga hukumar da ta cika wasu sharuɗɗa.

A Fulorida ta hanyar kotu aka bi. Magina suka yi ƙarar gundumar St. Johns, a 1991 Kotun Ƙolin jihar ta ce kuɗin aji halas ne in an cika sharaɗi biyu: a nuna sabon ginin ne ya jawo buƙatar, a kuma nuna waɗanda suka biya su ne za su amfana. Jihar ba ta karɓar harajin albashi, abin da 'yan siyasarta ke taƙama da shi ke nan. A 2002 masu zaɓe suka sa a tsarin mulki cewa aji kada ya wuce yara 18 a ƙananan azuzuwa, 22 a na tsakiya, 25 a na sakandare. Sannan tsakanin 2008 da 2009 majalisar jiha ta rage iyakar harajin da hukumomin makarantu ke karɓa don gine-gine, daga dala 2 zuwa dala 1.50 a kan kowace dala 1,000 ta ƙimar gida. A lissafa: ana son ƙananan azuzuwa, ba a son haraji, jama'a kuma sai kwararowa suke yi. Dole a nemi wanda za a caja, kuma mafi sauƙin caja shi ne wanda bai iso ba tukuna. Ba shi da ƙuri'a a gundumar, ba ya zuwa taron majalisa, watakila a lokacin yana can wata jiha yana haɗa kaya.

A nan ne nake ganin masu son sokewa suna da gaskiya, kuma gaskiyar tasu ta fi yadda abokan hamayyarsu ke yarda.

Wata Asabar ni da uwargida muka shiga ofishin sayar da gidaje a wani sabon rukuni. An ƙawata gidan gwaji, har da kwanon lemon roba a kan tebur. Matar da ke sayarwa ta miƙo mana takarda mai sheƙi, farashi ɗaya ne a jiki, dunƙule. Na tambaye ta nawa ne kuɗin aji a ciki. Ta ce kada in damu, kamfani ya riga ya biya. Uwargida ta taɓa ni da gwiwar hannu, ta ce da Hausa, "Ka ji wai kamfani ya biya. Da kuɗin kakansa?" A gundumar Osceola ta Fulorida, kudu da birnin Orlando, kuɗin aji kaɗai ya haura dala 10,000 a kan gida guda, ban da na hanya da na ruwa da na sauran abubuwa. In ya shiga cikin farashi, ya shiga cikin bashin gida ke nan, mutum ya yi shekara 30 yana biyan sa da kuɗin ruwa a kai.

Bayan haka ga wata cutar ta biyu. A 1992 Fulorida ma ta yi irin ta Kalifoniya: wanda ke zaune a gidansa, ba za a ɗaga ƙimar da ake lissafa masa haraji da ita fiye da kashi 3 cikin 100 a shekara ba. Sabon mai saye kuwa daga farashin yau ake fara masa. Sai ka ga gida biyu masu kama da juna, na tsohon mazauni yana biyan kaɗan, na baƙo yana biyan mai yawa, bayan kuma baƙon ya riga ya biya kuɗin aji. Cikin harajin nasa har da gyaran tsohuwar makarantar da ba shi ya cika ta ba.

Na taɓa kai wannan ƙorafi gaban wani dattijo, mutumin Damagaram, wanda ya sayi gidansa a nan tun ina makarantar firamare. Bayan Juma'a ne, muna tsaye a wajen ajiye motoci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mu muna zamanmu lafiya, makarantarmu ta ishe mu. Su suka zo suka cika ta, su gina tasu."

Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, lokacin da kuka zo, wa ya gina wadda 'ya'yanku suka shiga?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka cika dogon turanci." Bai amsa ba, ni ma ban matsa ba. Amma amsar a fili take: waɗanda suka riga shi ne suka gina, da harajin kowa da kowa, babu wanda ya tare shi a ƙofa ya ce ya biya kuɗin shiga.

Abin da ban gaya masa ba, saboda kunya, shi ne kuɗin ajin nan riba yake jawo masa ta bayan gida. Wasu masana tattalin arziki biyu, Keith Ihlanfeldt da Timothy Shaughnessy, sun bi diddigin farashin gidaje a gundumar da birnin Miami yake, suka wallafa sakamakon a 2004. Sun gano cewa duk ƙarin dala 1 a irin waɗannan kuɗaɗe yana tafiya da ƙarin kusan dala 1.60 a farashin gida, sabo da tsoho baki ɗaya. Tsohon gidan Baba da bai biya ko sisi ba, shi ma darajarsa tashi take yi. Da za a tambaye ni tsarin da ya fi adalci a kan takarda, cewa zan yi makaranta hakkin gari ne dukansa, mai ɗa da marar ɗa, tsoho da baƙo, a gina ta da harajin da kowa ke biya. Yaron da ya yi karatu ba iyayensa kaɗai yake amfana ba.

To amma shin abin da masu neman sokewa ke kawowa ke nan? Ina sauraron su da kyau, kuma abin da na fi ji shi ne a cire. Zancen a ɗaga harajin gidaje domin cike gurbin, wannan ba ya fitowa daga bakinsu, sau da yawa ma su ne kan gaba wajen yaƙi da shi. Alhali bulo da rodi da fili ba su san an soke doka ba. Ɗari biyar ɗin yaran da sabon rukuni zai kawo za su zo ran Litinin da jakunkunansu, ko an karɓi kuɗi ko ba a karɓa ba. Hanyoyin da suka rage sanannu ne: a ci bashi ta takardun lamuni, wanda a wurare da dama sai masu zaɓe sun yarda, a ƙara harajin saye da sayarwa, wanda ya fi cin talaka tunda shi duk abin da ya samu a kasuwa yake ƙarewa, ko a ɗebi kuɗin gyaran rufin tsohuwar makaranta a kai sabuwar unguwa. In duk an ƙi, sai a kira mai babbar mota ya kawo akwati.

An gwada, ba hasashe nake yi ba. Da kasuwar gidaje ta rushe a 2008, gundumomi da yawa a Fulorida suka dakatar da waɗannan kuɗaɗe ko suka zabge su, wai don gini ya farfaɗo. Gundumar Manatee ta dakatar da kuɗin aji a 2009. Gini ya dawo lokacin da ya dawo ko'ina a ƙasar, da bashi ya yi sauƙi aikin yi ya samu. Dakatarwar da aka ce ta ɗan lokaci ce sai da ta kai 2016 kafin a maido da kuɗin, kuma gidajen da aka gina a tsakanin nan sun wuce ke nan, doka ba ta bin su baya.

A Karolina ta Arewa kuwa sokewar ta zo daga sama. Gundumar Orange ta can, inda garin Chapel Hill yake (kada a haɗa ta da Orange ta Orlando, Amurkawa ba sa gajiya da maimaita suna), tana karɓar kuɗin aji tun 1993 da izini na musamman daga majalisar jiha. A 2017 majalisar ta janye izinin. Dokar ta shafi gunduma ɗaya ce, irin wadda a jihar ba ta buƙatar sa hannun gwamna. Wakilan da akasarinsu ba su da ɗa ko jika a makarantun wurin suka yanke hukunci, mutanen Orange aka bari da neman mafita. Chapel Hill kuma har gobe ba garin da malamin makaranta ke sayen gida cikin sauƙi ba ne.

Wannan ya kawo ni ga alkawarin da ya fi ba ni haushi, cewa in an soke, farashin gida zai sauka daidai da abin da aka cire. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san ɗan kasuwa ba ya sa farashi da abin da ya kashe, da abin da mai saye zai iya biya yake sawa. In gida yana tafiya a dala 400,000 kuma mutane suna layi, me zai sa a rage? Binciken 2004 ɗin nan ya nuna wani abu da ba a cika ambata ba: ƙarin dala 1 a kuɗin yana rage farashin fili da kusan dala 1. Ma'ana, magini yakan taya gona da rahusa saboda ya san akwai kuɗin da zai biya hukuma. Cire kuɗin, mai gona ya ɗaga nasa farashin. Wani abu zai iya gangarowa ga mai saye a wurin da filaye suka yi yawa kuma magina ke gasa da juna, ban musa ba. Amma a unguwannin da ake rububi, waɗanda su ne makarantunsu ke fashewa, rabon ɗan haya irina a wannan ganima kaɗan ne. Har ila yau, akwai ranar da tsofaffin mazauna za su cika ɗakin taro su ce kada a ƙara gina ko gida ɗaya tunda makaranta ta cika. Kuɗin aji, duk muninsa, yana ɗaya daga cikin abubuwan da ke rufe musu baki.

Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba, kuma kayan nan suna buƙatar gyara sosai. A wurare da yawa kuɗin a kan kan gida yake, ba a kan girmansa ba. Mai ɗaki biyu da mai ɗaki shida su biya daidai, wannan zalunci ne ƙarara, kuma yana tura magini ga manyan gidaje, domin dala 10,000 a kan katafaren gida ba a jin ta, a kan ƙaramin gida kuwa ita ce ribar. Kalifoniya ta fi hankali a nan da ta bi murabba'in ƙafa. Sai dai ba zan ɓoye ba, irin wannan gyara ma yana da haɗarinsa: abin da ya tunzura sokewar Orange shi ne sauyin da gundumar ta yi a ƙarshen 2016, ta koma lissafi da yawan ɗakunan kwana, kuɗin wasu gidajen haya ya yi tsalle, masu ginin suka garzaya majalisar jiha. Gyaran da aka yi shi da gaggawa yakan ba abokin gaba sanda.

Kotuna sun riga sun ja wasu layuka. A 2000 Kotun Ƙolin Fulorida ta hana gundumar Volusia karɓar kuɗin aji daga wata unguwar tsofaffi da ƙa'idarta ta hana yara zama, tunda ba za su kawo ɗalibi ko ɗaya ba. A 2024 wani mutum mai suna George Sheetz ya kai gundumar El Dorado ta Kalifoniya har Kotun Ƙolin Amurka, bayan an caje shi dala 23,420 kuɗin hanya don zai kafa ƙaramin gida a filinsa. Alƙalai tara duka suka ce don majalisa ce ta yanka kuɗi, hakan bai kuɓutar da shi daga binciken tsarin mulki ba. Ba su soke kuɗin ba, sun mai da shari'ar ga kotun da ke ƙasa da su. Amma hannunka mai sanda ne ga duk hukumar da ke yanka adadi da ka.

Akwai kuma inda ni da kaina zan sa hannu a soke. Haihuwa ta ragu a Amurka. Ɗaliban makarantun gwamnati a Kalifoniya sun sauko daga sama da miliyan 6 zuwa ƙasa da haka cikin 'yan shekarun nan, wasu birane rufe makarantu ma suke yi. Hukumar da ke da kujeru babu kowa a kai, da wane ido za ta karɓi kuɗin ƙarin aji? A can hujjar ta mutu. A jinkirta karɓa kuma har sai gida ya kammalu, kada magini ya ci bashi ya biya tun ranar karɓar takardar izini. Kuɗin da aka karɓa ba a gina komai da shi ba cikin wa'adi, a mayar wa mai gidan. Dokar da Fulorida ta yi a 2021, wadda ta hana a ƙara irin waɗannan kuɗaɗe fiye da kashi 50 cikin 100 ta kuma ce sau ɗaya za a ƙara a shekara 4, aƙalla ta sa mutum ya san abin da zai tarar, ko da yake a shekarun da kayan gini suka yi tashin gwauron zabi ta bar hukumomi a baya.

Wani lokaci in na wuce sabon rukunin nan sai in tuna sababbin unguwannin bayan gari a gida, inda ake yanka filaye a cika su da gidaje, filin da taswira ta ware wa firamare a wayi gari an yi masa katanga, kowane lungu kuma a buɗe makarantar kuɗi a gida mai ɗaki huɗu. A can ba a yi muhawara ba, mai hali ya biya, marar hali ɗansa ya yi tafiya. A nan aƙalla ana kiran taro.

Za a yi wani a zauren gundumarmu, kuma na yi niyyar zuwa, ko da ba su cika ganin 'yan haya a irin wurin ba. Minti uku ake ba kowa. Ba zan kare kuɗin aji ba, tambaya ɗaya zan yi wa duk wanda ya kawo ƙudurin sokewa: ya faɗi harajin da zai ɗaga, da nawa, da ranar da zai fara aiki, a rubuta a cikin ƙudurin nan guda. In ya faɗa, ni da shi muna layi ɗaya, har Baba zan je in lallasa. A bayan rukunin akwai wani fili da aka kafa wa allo cewa nan za a gina firamare. Tun zuwanmu allon yake nan, rana ta cinye rubutun, yanzu sai ka matsa kusa kake iya karantawa. Bana an ƙara akwati biyu a makarantar su 'yata, a inda ragar ƙwallo take.